Warin Fumfuna A Ɗakin Kaji: Ku Daina Rufe Shi Da Turare



Tun da marka ta kankama, tambayar da ake ta turo min kusan iri ɗaya ce: ɗakin kajina yana wani irin wari kamar na tsohon kaya da ya daɗe a akwati, wane magani zan fesa? Wata baiwar Allah ma cewa ta yi kullum da yamma sai ta sa turaren wuta a ɗakin saboda maƙwabta sun fara magana. Wani kuma sito ɗin da yake ajiye abincin kifinsa ne ya ɗauki warin, yana neman sunan abin fesawa mai ƙarfi.

Amsata ba za ta yi wa wasu daɗi ba: babu maganin fesawa. Ni a ganina duk kuɗin da ka kashe don kashe warin nan alhali ɗakin yana jiƙe, asara ce sau biyu. Ka yi asarar kuɗin, sannan ka toshe bakin abu ɗaya tilo da ke gaya maka cewa jarinka na cikin haɗari.

Ba a littafi na fara koyon wannan ba. A shekarata ta biyu da fara kiwo, kawuna ya ara min wani ɗaki a kangonsa, na zuba 'yan tsakin buroila 200 a tsakiyar Agusta. Dusar katakon da na shimfiɗa daga wurin masu yankan katako na kwaso ta, ruwa ya taɓa ta a can, amma na ce ai sama-sama ne. Ranar da na buɗe ɗakin na ji warin sarai. Me na yi? Na fesa maganin ƙwayoyin cuta mai ƙamshi, na kunna turare, na rufe tagogi da leda ruf don kada sanyi ya kama su, na sa gawayi. Ɗaki ya yi ɗumi ya yi ƙamshi, ni kuma ina ta jin daɗi wai na iya aiki.

Kwana na shida na ga wasu suna miƙa wuya suna buɗe baki, suna haki amma babu kurari, babu wani sauti. Na ba su maganin mura. Na canza wani. Na sake canza wani mai tsada. Kullum da safe sai na kwashe gawa. Har na kira wanda ya sayar min da tsakin na zazzaga masa masifa, abin da har yau nake jin kunyarsa. Sai da na rasa sama da 70 sannan na kira likitan dabbobi. Ya feɗe guda uku a gabana, ya nuna min huhunsu: wasu 'yan ƙuraje fari-fari masu ratsin ɗorawa kamar ƙwayar gero. Bai ce min komai ba tukuna, sai ya tsuguna ya tura hannu ƙasan dusar, ya damƙo, ya matse. Ta dunƙule kamar fura. Ya miƙo min ya ce in shinshina.

Cutar ana kiranta asfajilosis. Wata irin fumfuna ce ke kawo ta, Aspergillus, wadda ke tsirowa a jiƙaƙƙiyar shimfiɗa da abincin da ya sha danshi. Ƙurar irinta tana tashi a iska, ɗan tsako ya shaƙa, ta je ta kafu a huhu da jakunkunan iskarsa. Magungunan da na yi ta ɗura musu an yi su ne don bakteriya, fumfuna kuwa ko a jikinta. Gaskiya ne wani lokaci tsako kan ɗauko cutar tun daga inda aka ƙyanƙyashe shi, amma nawa kam ni na shimfiɗa musu ita da hannuna, na rufe musu taga, na kuma turara.

To bari mu rarrabe, domin wari biyu ne ake cakuɗawa. Akwai wanda kana shiga zai soki hancinka ya sa idonka ruwa. Wannan amoniya ce, daga kashin kaji take tashi idan ya jiƙe. Idan ta kai wajen 25 a ma'aunin da masana ke kira ppm ta fara yi wa kaji illa a ido da hanyar numfashi, kuma hancin mai kiwo yana sabawa da ita har ya daina ji. Na biyun shi ne mai nauyi, mai kama da na tabarmar da aka naɗe da danshi. Wannan fumfuna ce tana raye tana ci tana girma. Muddin kana jin sa, to tana aiki a wani wuri ko da idonka bai gan ta ba: bayan buhu, ƙarƙashin mazubin ruwa, saman silin, gindin bango. Dukkansu biyu uwarsu ɗaya, ruwa.

Shi ya sa tambayar da nake so sabon mai kiwo ya riƙa yi ita ce, daga ina ruwan nan yake shigowa?

Mutane suna fara duba rufi, kuma daidai ne. Ramin ƙusa ɗaya a kwano ya isa ya jiƙa kusurwa guda duk damina. Ka shiga ɗakin da tsakar rana ka rufe ƙofa ka ɗaga kai, duk inda haske ya ɓullo ruwa ma zai ɓullo. Amma yoyo shi ne mai sauƙin kamawa. Wanda ya fi wahalar da mu shi ne ruwan da ke tasowa daga ƙasa. Yawancin kangwaye da ɗakunan bayan gida da muke fara kiwo a ciki, an gina su ba a shimfiɗa ledar tare danshi a ƙarƙashin daɓe da bulo ba. Bango sai ya riƙa tsotsar ruwa kamar lagwani. Alamarsa ita ce layin nan mai duhu da ke zagaye gindin bango, fenti yana ɓarewa, wani farin gishiri yana fitowa. Idan kana shakkar daɓenka, ka ɗauki leda mai faɗi ka shimfiɗa, ka danne gefunanta da kyau, ka bar ta ta kwana biyu. In ka ɗaga ka ga gumi a ƙarƙashinta, to daɓen ne ke kawo maka ruwa, kuma ko galan goma na magani ka zuba ba zai hana ba.

Sai kuma ruwan da ba ma lissafawa sam, wanda mu da kanmu muke ɗauka a bokiti mu kai ciki. Kaza tana shan ruwa kusan ninki biyu na nauyin abincin da ta ci. Leya ɗaya tana cin wajen giram 110 zuwa 120 a rana. Ke nan leya 100 suna shan sama da lita 20 kullum, fiye da haka in ana zafi. Ina ruwan yake tafiya? Kaɗan ya shiga ƙwai da jiki, mafi yawansa ya dawo ɗakin ta kashi da numfashi. Kashin kaza ɗanye kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne. Wato kamar kullum kana tuttular da mafi yawan jarka guda a tsakar ɗaki. Da rani iska tana kwashewa ba ka sani ba. A marka, iskar waje ma a jiƙe take, kai kuma ka zo ka ƙara rufe ko'ina da leda. Da asuba ka taɓa ƙasan kwanon rufin ka ji, gumi ne yake ɗiga a kan kaji kamar yayyafi.

Nan ne nake saɓa wa abin da da yawa daga cikinmu suka gada. Tsoron sanyi ya kashe 'yan tsaki da yawa a ɗakunanmu, ta hanyar rufe su da muke yi. Tsako yana son ɗumi, ba musu, amma ɗumi daban, rashin iska daban. Ka rufe ƙasa inda iska za ta buge su kai tsaye, ka bar sama a buɗe kamar faɗin tafin hannu ko fiye a ɓangarori biyu, don iskar da ta yi zafi ta ɗauki danshi ta fice. In da risho ko gas kake ɗumama su, ka sani wutar kanta tana fitar da tururin ruwa. In gawayi ne kuma, rufaffen ɗaki na iya kashe su har da kai mai shiga dubawa cikin dare.

Wanda bai yi gini ba tukuna, shi ne mai sa'a. Ka ɗaga daɓe sama da ƙasar waje, ka sa leda kafin a zuba kankare, bango bulo biyu ko uku ya isa, sauran raga har sama. Tsawon ɗakin ya miƙe gabas da yamma. Mu nan arewa hadari daga gabas yake tasowa, duk wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san bangon gabas ne ke fara zaizayewa, don haka gajeren bangon da ke fuskantar gabas a toshe shi. Bakin kwano ya leƙo waje kusan mita guda. Wannan ƙarin kwanon da kake ganin ɓarnar kuɗi ne, shi ne zai hana feshin ruwa shiga ta raga.

Na san abin da wani zai ce: Malam, mu da muke kiwon kaji 50 a ɗakin aro ina muka ga kuɗin wannan? Gaskiyarka. Amma ka duba abin da ya fi yin tasiri, yawancinsa ƙarfi yake ci ba kuɗi ba. Haƙa 'yar lambatu a zagaye ɗakin don ruwan indararo ya daina kwanciya a gindin bango, fartanya ce kawai. Tara ƙasa a jikin ginin ta gangara waje, shebur ne. Ɗaga mazubin ruwa ya zo daidai bayan kaza, a ɗora shi kan bulo ko a rataye, igiya ce. Kwashe wurin da ya jiƙe kullum da safe a zuba busasshe, da juya shimfiɗar duk bayan kwana biyu ko uku, minti goma ne. Ka riƙa yin gwajin da likitan nan ya yi min: damƙi shimfiɗar ka matse ka sake. In ta wargaje, lafiya. In ta dunƙule, ta jiƙe. Kuma in da hali ka nemi ɓawon katako irin na injin fira ko buntun shinkafa busasshe maimakon dusa mai laushi, ka saye shi tun kafin ruwa ya sauka ka adana. Wanda kuɗin gyaran ɗaki ya gagare shi gaba ɗaya, shawarata ya rage yawan kajin damina. Kaji 30 a busasshen ɗaki sun fi 60 a jiƙaƙƙe riba, ko da lissafin takarda ya nuna akasin haka.

Yanzu mu zo sito, domin a nan ne abin ya fi ba ni tsoro, kuma a nan masu kifi suka shigo.

Wani nau'in fumfunar nan, Aspergillus flavus, idan ya hau masara ko gyaɗa ko tunkuza yana fitar da guba mai suna afalatoksin. An gano ta ne bayan abin da ya faru a Ingila a 1960, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu, aka bi diddigi aka tarar garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Burazil ne aka haɗa musu abinci da shi. Gubar nan hanta take kamawa. Agwagwa da talo-talo sun fi saurin faɗuwa. Kaza ta fi su juriya, shi ya sa ba ma lura: ba za ta mutu yau ba, sai dai ta ƙi girma, ƙwai ya ragu, garkuwar jikinta ta yi rauni. Ka yi rigakafin Gumboro da Lasota a kan lokaci, cuta ta zo ta shiga kamar ba a yi ba, ka ce maganin jabu ne. Wataƙila jabun ne. Wataƙila kuma buhun da ke jingine da bangon sitonka ne.

Abin da ke ƙona min rai shi ne dabarar da ta zama ruwan dare: abinci ya yi fumfuna, a baza shi a rana, a murje dunƙulen, a gauraya da sabo. Rana za ta busar da shi, warin zai ragu, amma gubar tana nan daram. Ko dafawa irin ta gida ba ta kashe ta. Wasu kuma su ce tunda kaji ba za su ci ba a watsa wa tarwada, ai ita komai ci take. Eh, za ta ci, kuma da wuya ka ga ta mutu nan take. Sai wata huɗu ya cika ka zo kamawa ka tarar kifin bai kai nauyin da ka yi lissafi ba, alhali buhunan abinci sun ƙare daidai. Wa za ka kama? Ka ce iri ne ba shi da kyau.

Masu haɗa abincin kifi da kansu, ku ne kuka fi shiga wannan tarko a Agusta. An fitar da shi daga inji da danshi, rana ba ta fito sosai ba, hadari ya taso, aka tattara cikin gaggawa aka ɗura a buhu da ɗuminsa. Kwana uku ka tura hannu tsakiyar buhun ka ji zafi. Wannan zafin ba na rana ba ne, fumfuna ce ta fara aiki. Gara ka haɗa kaɗan-kaɗan wanda za ka iya busarwa ƙarau, ya huce sarai kafin ya shiga buhu. Sannan kada sito ya zama bango ɗaya da tafkin kankare, ko ya zama nan ake jingine raga da bokitai masu ɗiga.

Masara kuma, ma'aunin da aka sani shi ne danshinta kada ya wuce kashi 13 cikin 100 in za a adana. Ba mu da na'ura, amma akwai gwajin gishiri: busasshiyar kwalba, busasshen gishiri cokali biyu, ƙwayar masara kamar cikin hannu, a rufe a girgiza a bar ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalba, masarar ba ta bushe ba, ko mai sayarwa ya rantse. Buhu kada ya taɓa ƙasa, a ɗora kan katako. Kada ya taɓa bango, a bar tazarar da hannu zai wuce. Na tsoho a fara amfani da shi. A damina ni ba na sayen abincin da ya wuce na sati biyu zuwa uku, ko da kuwa ana cewa farashi zai tashi, domin ragin da za ka samu a buhu goma bai kai asarar buhu biyu ba. Masu noma masarar kansu ko gyaɗa, ku tambayi Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona don rage gubar tun kafin girbi.

Akwai garin da ake sayarwa na ɗaure guba a cikin abinci, kuma ban ce ba shi da amfani ba. Afalatoksin ba ta da wari, abinci na iya yin kyau a ido alhali akwai kaɗan a ciki, to a nan garin yake taimakawa. Amma ba a yi shi don ya halatta buhun da ya yi kore ya dunƙule ba. Wannan haƙa rami za ka yi ka binne, ko ka ƙona. Kada ka ba akuya, kada ka ba saniya, domin gubar tana fita a nono. Kada kuma ka sayar wa wani da araha. Mutum ma ba ta ƙyale shi ba: a Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu bayan cin masarar da ta gurɓace da ita, kuma tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo kansar hanta. Mu da muke sayar wa mutane nama da ƙwai da kifi, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne a wuyanmu.

To idan an toshe hanyar ruwa, ya za a yi da fumfunar da ta riga ta kama bango? Sai a nan magani yake da gurbi, a ƙarshe ba a farko ba. A jira a fitar da kaji. A sa takunkumi da safar hannu, mai asma kuwa kada ya shiga ko kusa. A kwashe shimfiɗa duka a kai nesa. A ɗan yayyafa ruwa kafin a kankare bango don kada ƙurar ta tashi. A wanke da sabulu da buroshi tukuna, domin magani ba ya ratsa datti. Sannan a bi da ruwan bilic, kofi ɗaya a kofi goma na ruwa, taga a buɗe. Kada a haɗa bilic da wani magani wai don ya ƙara ƙarfi, kada kuma a zuba shi a kan kashin kaji, haɗuwarsa da amoniya tana fitar da iska mai guba. Kwali, tsohon buhu, silin da ya jiƙe ya kumbura, ruɓaɓɓen katako, waɗannan ba sa wankuwa, fumfunar ta shige cikinsu, a cire a ƙona. Sai a bar ɗakin a buɗe ya bushe, sati biyu in da hali. In ya bushe a shafe bango da farar ƙasa. Fentin mai a kan jiƙaƙƙen bango kuwa, wata biyu zai kumbura ya ɓare, kuɗinka ya bi ruwa.

Ga yadda za ka san ko aikin ya yi. Ka rufe ɗakin ya kwana, ba turare, ba fesa komai. Da sassafe ka samu wanda ba ya shiga wurin, ƙaninka ko maƙwabci, ya fara shiga ya gaya maka abin da ya ji, saboda naka hancin ya riga ya saba. Ka sa ya tsuguna, kansa ya zo daidai inda kan kaza yake, ba a tsaye ba. In ya ce akwai sauran wari, to akwai inda ruwa ke shigowa da ba ka gano ba, kada ka biya kuɗin tsaki sai ka gano shi.

Baiwar Allah mai turaren wuta, na ga hoton da kika turo. Buhunan nan uku da ke jingine a kusurwa, ki janye su yau ki duba bayansu, sannan ki yanke saman ledar tagar nan ta hagu.